Ƙanena ya saki tsirkiya babu kibiya, ku ba ni shawara

Baban Nana: Salamu alaikum jama'ar zaure. Wallahi jiya da la'asar abu ya same ni. Bakana mai puli ɗin nan (wato mai 'yan ƙafafu masu juyawa a sama da ƙasa inda tsirkiya ke zagayawa) da aka kawo min daga Faransa, na fito da shi a gida nan Yantala ina goge ƙura sai aka kira ni a waya, kafin in juyo ƙanena ya ɗauka ya ja har kunne ya saki babu kibiya. Ƙarar kamar an halba bindiga, har maƙwabta suka leƙo. Tsirkiya ta sauka daga pulin sama, ɗan zoben saitin da ke jikinta ya tashi ban ma gan shi ba. In na maida tsirkiyar zan iya ci gaba da halbi?

Malam Idi: Wa alaikumus salam. Yaron lahiya dai?

Baban Nana: Lahiya lau Malam, ta dai zane shi a hannu, wurin ya yi jawur ya kumbura. Ido ya tsira alhamdulillahi.

Malam Idi: To madalla. Don Allah kar ka sake jan bakan nan ko da rabi. Ƙarfin da kake tarawa in ka ja, kibiya ce ke ɗauke shi ta tafi da shi, in babu ita ba inda za shi sai ya koma cikin bakan kansa, fukafukai (ɓangarorin sama da ƙasa masu lanƙwasawa in an ja) da puli da ƙarfen da puli ke juyawa a kai da igiyoyi duk su sha. Shi ne ƙarar da ka ji. Wani bakan yakan tsira, wani a ido garau ne amma ya tsage ta ciki, sai ranar da ka ja shi kusa da fuskarka ya tashi.

Ɗan Tawa: Gaskiya ne. Mu nan Tawa mahalbanmu na gargajiya ma ba su yarda yaro ya saki tsirkiya haka nan, balle wannan da ya fi nasu ƙarfi nesa. Yaya, samu auduga ka shafa a hankali kan fukafukan, ciki da waje da gefe-gefe, musamman kusa da inda suka shiga jikin bakan da wajen ramin ƙarfen puli. In akwai tsagewa komin ƙanƙantarta za ta kama zaren audugar. Ka yi da tocila a ɗaki, ka karkata hasken. Nawa da ya samu irin wannan ban ga komi ba da ido, auduga ce ta maƙale a wani ɗan tsini kamar gashin gero.

Baban Nana: Na gwada yanzu, auduga ba ta kama ba. Amma pulin sama in na dube shi ta baya kamar ya ɗan karkace.

Malam Idi: Ɗora rila a gefensa ka gani ko haske na wucewa. In ya lanƙwashe sauyawa ake yi, kar wani ya ce maka a kai kasuwar Katako a buga da guduma, alminiyom ne, kuma bakin da ya lotse shi zai dinga cin sabuwar tsirkiya. Haka fiffike in ya tsage babu zancen kol, kuma ba a sauya guda ɗaya, a tare ake sauya su don ƙarfinsu ya zo daidai.

Abdu Harobanda: Maida tsirkiya da hannu ko da sukurdireba kuma a'a. Sai an sa shi a injin matse baka ya sassauta, a cire komi a mirgina ƙarfen pulin kan tebur a ga ko ya miƙe. Ina da ƙaramin injin, turo min hoton bakan in ga ko ya dace da irin fukafukanka. Tsirkiya da igiyoyi kam ni da na sauya su duka. Kar ka sa rai da garanti, yawancin kamfanoni ba su biyan irin wannan ɓarna.

Malam Idi: Kuma ƙanenka kar ka yi masa faɗa sosai. Baka mai nauyin ja fam 60 in pulinsa na sauke kashi 80 cikin 100, wanda ya ja har ƙarshe fam 12 kawai yake riƙe da shi, sai ya ɗauka babu ƙarfi a ciki. Ni robar ɗaure waya nake sa wa nawa, in haɗe tsirkiya da igiyoyi kafin in aje don kar wani ya iya ja.

Ɗan Tawa: A duba kibau ma. Robar gindin kibiya in ta fashe lokacin saki, daidai yake da babu kibiya. Wadda ta cika sauƙi ita ma tana wahal da baka, ƙa'idar ita ce giren 5 (giren ɗan ma'aunin nauyin kibiya ne) kan kowane fam na nauyin jan baka, fam 60 kenan kar ta gaza giren 300, giram 19 da ɗan ɗoriya.

Baban Nana: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na ɗora rila, haske na wucewa ta ƙasa. Na mayar da shi jaka. Abdu ga hotuna nan na turo, in ka ga ya dace zan ƙetaro gada ran asabar bayan la'asar.

Abdu Harobanda: Na gani, zai shiga. Taho da kibau ɗin duka mu duba su tare.