Jaririna ba ya barci sai a hannu

Mai jego:
Assalamu alaikum iyayenmu mata. Yarona satinsa 6, nono zalla yake sha. A ƙirjina yakan yi awa biyu yana barci, amma bayansa na taɓa katifa sai ya zabura ya tsala kuka. Ana ta cewa na saba masa da hannu, in bar shi ya yi kukan ya gaji. Don Allah yaya zan yi?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam, Allah ya raya mana. Kada ki bar shi yana kuka. Ɗan sati 6 bai san wayo ba, ɗumin da ya baro a ciki yake nema.

Yawanci gaggawar ajiyewa ce ke ɓata aikin. Kusan minti 20 na farko barcin jariri ba nauyi: za ki ga ido na motsi a rufe, baki na tsotso, yatsu na damƙewa. Ki jira jikin ya saki. Ɗaga hannunsa kaɗan ki sake shi, in ya faɗi laƙwas to lokaci ya yi.

Sai yadda ake saukewa, nan aka fi kuskure. Idan kai ya riga yin ƙasa, yaro sai ya ji kamar zai faɗi, ya ware hannuwa ya farka. Halitta ce, tana gushewa wajen wata 4 zuwa 6. Ki sunkuya da shi manne a ƙirjinki har kusa da katifa, ƙafafu su fara taɓawa, sai ɗuwawu, kai a ƙarshe. Zare hannun da ke ƙeya a hankali, ɗayan tafin ki bar shi a ƙirjinsa minti biyu ko uku.

Ungozoma:
Ƙari a kan haka, 'yata, ki naɗe shi da zanin auduga mara kauri, hannuwa a ciki. Yatsunki biyu zuwa uku su iya shiga tsakanin zanin da ƙirjinsa, ƙafafu kuma a sake saboda ƙugu. Ranar da ya fara yunƙurin juyawa, naɗi ya ƙare. Ki riƙa taɓa bayan wuyansa, in da gumi a rage kaya, a cire hula.

In mai tumbiɗi ne, bayan ya sha ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ya zauna a haka minti 15 zuwa 20. Kuma kada ya wuce awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a farke. Da ya fara hamma yana kawar da kai, a fara lallashi, don yaron da ya galabaita ya fi wuyar kwantarwa.

Likitan yara:
Za a ce miki ki kifa shi ya fi daɗewa yana barci. Kada ki yarda, rub da ciki na ƙara haɗarin mutuwar jarirai cikin barci. Kullum rigingine, a katifa mai tauri, ba filo ba bargo, cikin gidan sauro, a ɗakin da kike. Abin da na fi ji miki tsoro shi ne barci ya sace ki a kujerar kushin yana ƙirjinki, ya zame fuskarsa ta toshe. In kin ji gyangyaɗi, miƙa shi ga babansa ko ki kwantar da shi ko da zai yi kuka.

Ban da maganin mura ko jiƙo don ya yi barci, ban da zuma kafin shekara 1. Zafin jiki ya kai digiri 38 a ma'aunin zafi, ko ya ƙi kama nono, ko amai kore, ko numfashi da ƙyar, asibiti nan take.

Mai jego:
Na gode, Allah ya saka da alheri. To in ya kwanta amma minti 40 ya farka fa?

Ma'aikaciyar jinya:
Daidai ne, zagayen barcinsu bai cika kai awa ɗaya ba. Ki matso kusa tun wajen minti 35, yana fara mutsu-mutsu ki ɗora tafi a ƙirjinsa kafin ya buɗe ido. In ya ƙi, ɗauke shi ki sake gwadawa. Fara da barcin safe kawai, shi ya fi sauƙi, sauran ki ƙara ɗaya bayan ɗaya.