Uban da ke biya wa ɗansa haya, maganarsa umarni ce ko shawara?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum. Jiya Baba Alhaji ya ce muddin uba yana tallafa wa ɗansa mai iyali da kuɗin haya ko buhun hatsi, to maganarsa a gidan ɗan nan umarni ce, ba shawara ba. Wasu ba su gamsu ba, shi ya sa muka dawo da batun. Baba, bismillah.

Alhaji, Ƙofar Soro: Wa alaikumus salam. Ina nan a kan bakana. Mu da muka tashi a gandu mun san yadda tsarin yake: uba ne ke ba da iri da kayan noma, shi ke biyan harajin 'ya'yansa kafin gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji a 1979, lokacin Katsina na cikin jihar Kaduna, shi ne kuma ke yi musu auren fari. Su kuma 'ya'yan su yi aiki a gonar gandu, su bi maganarsa, a bar musu gayauna, wato 'yar gonar kansu, su yi abin da suka ga dama da amfaninta. Nauyi da iko tare suke tafiya. Yau an raba su, an bar mana nauyin, an ƙwace ikon. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, albashin yaranmu ba ya kai su ƙarshen wata, mu ne ke cike giɓin, amma da ka ce kada a kai jika makarantar kuɗi mai tsada sai a ce ka shiga abin da ba naka ba.

Malama, Rafin Daɗi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma misalin gandu bai goyi bayanka gaba ɗaya ba. A gandu ɗa yana zuba guminsa a gonar uba, saboda haka abin da uba ke kashewa a kansa akwai haƙƙinsa a ciki, kuma ikon uban a kan aikin gona yake da rabon hatsi. Ko a wancan zamanin uba mai kunya ba ya leƙa ɗakin surukarsa ya ce ga abin da za a dafa ko ga ranar da za ta je gidansu. Abin da ake kuka da shi yanzu shi ne tallafin da ke zuwa da sharaɗi, a ba ɗa kuɗin haya yau, gobe a ce matarsa ta ajiye aikin asibiti.

Malam, Ƙofar Marusa: Ya kamata mu raba abubuwa biyu. Kyautata wa iyaye wajibi ne ko sun ba ka ko ba su ba ka ba. Aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana ko da nuna musu ƙosawa, kuma ba ta rataya hakan da kuɗin haya ba. Don haka, Alhaji, girmanka a wurin ɗanka bai samo asali daga abin da kake ba shi ba. Amma biyayya tana tsayawa inda haƙƙin wani ya fara, matar ɗa kuwa tana da haƙƙoƙinta. Mutane suna yawan kafa hujja da cewa Sayyidina Umar ya umarci ɗansa Abdullahi ya saki matarsa, Annabi (SAW) kuma ya ce ya yi wa mahaifinsa biyayya. Hakan ya faru. Sai dai da wani ya kawo wa Imam Ahmad bin Hanbal wannan hujja game da nasa mahaifin, ya nuna masa cewa ba kowane uba ne yake kamar Umar ba wajen adalci da nisantar son zuciya.

Alhaji, Ƙofar Soro: Malam, ban yi zancen saki ba, Allah ya kiyaye. Ina zancen uban da ke ganin ɗansa zai faɗa rami, bashi a kan bashi, shi kuma an ce ya biya ya yi shiru.

Wani matashi, Babbar Kasuwa: Baba, ka yi haƙuri in sa baki duk da ƙuruciyata. Ba shiru muke so ba. Mahaifina ne ya ba ni jarin shago, kuma har yau ba na karɓar kaya bashi sai na faɗa masa, domin yakan kira ni gefe bayan sallar isha'i, ya tambaye ni lissafina, ya faɗi ra'ayinsa sau ɗaya, ya bar ni. Da a gaban matata da ƙannena yake yi mini faɗa, da tuni na fara ɓoye masa halin da nake ciki, kamar yadda na ga abokaina da dama suna yi.

Hajiya, Daura: Ni uwa ce, suruka ce kuma, na aurar da maza da mata. Alhaji, ka yarda surukinka ya zo ya ce mahaifinsa ne ya hana 'yarka zuwa duba ka, saboda shi ke biyan hayarsu? Ba za ka yarda ba. To 'yar wani ce a gidan ɗanka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sau da yawa rabin labarin kawai muke ji, daga bakin namu. Hatta idan rikici ya yi tsanani, aya ta 35 a Suratun Nisa'i cewa ta yi a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, ba ɓangare ɗaya ba. Abin da nake yi shi ne, idan zan taimaka, ina faɗin abin da zan iya da iyakarsa tun farko: zan biya kuɗin makarantar jika a irin makarantar da ƙarfina ya kai, wanda ya so wadda ta fi ta tsada ya cika daga aljihunsa.

Alhaji, Ƙofar Soro: Hajiya, wannan ai ikon da nake magana ne, kin sake masa riga kawai.

Hajiya, Daura: A'a, Alhaji. Ni dukiyata na yi wa iyaka, ban zaɓa wa jika makaranta ba. Sun zaɓi mai tsadar, suna cikawa, ban kuma janye nawa ba.

Alhaji, Ƙofar Soro: A kan batun makaranta na ji, zan gwada hakan a zangon da ke tafe. Amma idan ɗana ya sake cin bashin da ni zan biya, to sai ya zauna ya ji umarni, domin da sunana ake zuwa ƙofar gida neman kuɗin.