Darasin kiɗa a makarantun da ba ruwansu da addini: abin da aka tattauna

An tattauna kan ko iyaye Musulmi za su bar 'ya'yansu a darasin kiɗa a makaranta ko su nemi a cire su. Ga taƙaitaccen abin da 'yan uwa suka faɗa:

1. Kowa ya yarda iyaye su fara zama da shugaban makaranta cikin girmamawa, su ga manhajar da idonsu. Darasin ba kullum ne busa da kaɗe-kaɗe ba. Akwai tarihi, akwai rera waƙa da baki kawai.

2. A kan hukunci aka rabu. Wasu na bin mafi yawan malaman fiƙihu da suka haramta kayan kiɗa, ban da mandiri a biki da ranar Idi. Wasu suka kawo ra'ayin Ibn Hazm, malamin Andalus, da ya halatta. An ja sosai a nan, ba wanda ya sauka daga matsayinsa.

3. Mazauna Ingila sun tunatar cewa kiɗa yana cikin manhajar ƙasa daga shekara 5 zuwa 14. Doka ta ba iyaye damar cire yaro daga darasin addini, amma ba ta bayar a kiɗa ba, sai dai sulhu.

4. Abin da ya fi taɓa ni: yaron da ake bari shi kaɗai a baranda idan an cire shi daga darasin, yana jiyo muryoyin abokansa. Masu neman cirewa ma sun ce a ba shi wani aiki, kada ya ji kamar horo ne.