Jarumin fim da mijin aure: me ake dubawa kafin a ba da 'ya?

Maman Hanifa, Rikkos:
Assalamu alaikum. 'Yan matanmu masu tasowa, in aka tambaye su irin mijin da suke so, kwatancen jaruman finafinan Amurka ake ji: ƙarfi, kuɗi, da bayyana daidai lokacin da aka shiga tsaka mai wuya. Ku da kuke harkar haɗa aure da sasanci a garin nan namu na Jos, me kuke gani, kuma yaya ake tantance manemi?

Malam mai koyar da rubutun fim:
Hajiya, kada a ga laifinsu, da gangan aka gina labaran haka. Superman ya fito a 1938, Batman a 1939, Spider-Man a 1962, kuma duk tubali ɗaya ne: mutum mai fuska biyu, da rana kamar kowa, in rigima ta tashi ya sauya kaya. Ba tashi sama ke kama zuciyar yarinya ba. Abin da ke kama ta shi ne mai iko da ba ya zalunci, kuma in an kira shi yana zuwa. Mu ma muna da namu: Bayajidda ya kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura, ladansa auren Daurama. Sai dai marubuci a ranar ceto yake tsayar da alƙalami, ba ya nuna jarumin ranar da kuɗin haya ya ƙare. Ɓoye asali kuma, wanda shi ke ƙawata fim, shi ne ke rusa gida.

Baba Alhaji, Gangare:
Malam ya taɓo wurin. An ruwaito cewa wani ya yabi mutum a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi: maƙwabcinka ne? Kun yi tafiya tare? Kuɗi sun taɓa haɗa ku? Da ya ce a'a, ya ce masa to ba ka san shi ba. Waɗannan ukun su ne ma'aunin har gobe.

A yi bincike kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, don da zarar an karɓa kunya ke ɗaure bakin iyaye. A tura mutum biyu da manemin bai sani ba, su je unguwarsu a lokuta daban, ɗaya da asuba a masallaci, ɗaya da dare wajen mai shayi. Kada a tsaya kan abokin da shi ya gabatar. Mai shagon layinsu ya fi kowa sanin ko yana biyan bashi. Kuma kada a ce "yaya halinsa?", don kara za ta sa a ce ba a san shi da komai ba sai alheri. A tambayi abu takamaimai: ƙarfe nawa yake shiga gida, da su wa yake zama, in ya fusata me yake yi, yaya yake da mahaifiyarsa. In ya ce harkar kuza yake ko kayan gwari a Farin Gada, a je wurin a gan shi, a kuma tambayi yadda yake riƙe kansa lokacin da kasuwa ta faɗi, domin sana'o'in nan samunsu hawa da sauka ne. In ya taɓa aure, a ji daga ɓangaren matar.

Sista, ma'aikaciyar jinya:
Baba, a ƙara da gwajin jini, kuma tun soyayya ba ta yi nisa ba. In namiji AS ne mace AS, wato kowannensu yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Kowane ciki na ce, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Inda ake samun matsala shi ne takardar da manemi ya kawo da hannunsa, ko sakamakon da aka yi wa wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce, domin jinin da aka ƙara yana ruɗa gwajin. Su je tare da wakilin kowane gida, a ɗibi jinin a gabansu, in da hali a maimaita a wani ɗakin gwajin. A haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B. In kuma a rukunin jini (Rhesus) matar negetif ce shi fozitif, wannan ba ya hana aure, akwai allurar da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa.

Anti mai sasancin ma'aurata, Anguwan Rogo:
Yaya Maman Hanifa, mazan ma jaruma suke nema: ta yi aiki, ta yi girki sau uku, ta yi raino, ba ta gajiya ba ta ciwo. Yawancin ƙarar da ke zuwa a shekarar farko kan abin da ba a faɗa ba ne tun farko. Don haka waliyyai su zauna a fayyace ko za ta ci gaba da karatu ko aiki, gidan kansu za su zauna ko cikin dangi, nawa ne cefane kuma a mako ko a wata, albashinta nata ne ko akwai abin da ta yarda ta ɗauka. A rubuta, shaidu biyu su sa hannu, kowane gida ya riƙe kwafi kafin a sa rana.