Wai da gaske tsohuwa ce ke yin muryar Goku?

Ɗan Rogo:
Salam jama'a. Don Allah masu kallon katun ɗin Japan ku raba mana gardama. Jiya a majalisarmu nan Anguwar Rogo wani yaro ya ce wai muryar Goku na Dragon Ball mace ce, kuma tsohuwa tukuf, muka yi ta musu har aka kira isha'i. Ni dai faifan da muke saya a kasuwar Terminus ta Jos da can muryar ƙaton namiji nake ji. Wa ke da gaskiya?

Abban Sultan:
Wa alaikumus salam. Yaron na da gaskiya kai ma kana da ita. Faifan Terminus na Turanci ne, wanda aka ɗora wa murya a Amurka, can wani Sean Schemmel ne ke yin Goku babba. Amma na asali da Japananci wata baiwar Allah ce Masako Nozawa, an haife ta a Tokyo a 1936, sai ka lissafa da kanka. Ta fara Goku a 1986 tana da shekara 49 lokacin yana ɗan yaro mai jela, da ya girma ya yi aure ba a canza ta ba, aka ma ƙara mata 'ya'yansa Gohan da Goten da ubansa Bardock, kenan gida guda ita kaɗai take riƙe da shi. Shi kansa Akira Toriyama mai zanen shi ya zaɓe ta da ya saurari muryoyin da aka gwada.

Kuma kafin Goku ɗin ma ta yi suna, ita ta yi Kitaro a katun ɗin GeGeGe no Kitaro tun 1968, ta yi Tetsuro a Galaxy Express 999 a 1978.

Sadiq Dilimi:
Ni fa gaskiya na gwada na Japan ɗin ban iya ba. Mutum ƙirji kamar randa ya buɗe baki ka ji siririyar murya, haba. A bar ni da na Turanci.

Maman Haidar:
Malam Sadiq sabo ne kawai wallahi. Goku ai duk girmansa hankalin yara gare shi, ci da faɗa kawai ya sani, wannan muryar ta fi dacewa da halinsa, na Turancin sun mai da shi wani jarumi mai ɗaure fuska. Ka je ka saurari wurin da mugun nan Freeza ya kashe Krillin abokin Goku, yadda muryarta ke sauka ƙasa tana rawa don fushi kafin ta saki ihun nan, sai tsigar jikinka ta tashi.

Sannan ba ita kaɗai ba ce. Luffy na One Piece mace ce Mayumi Tanaka tun 1999 (ita ce ma Krillin ɗin), Naruto ma mace ce Junko Takeuchi. Dalili kuwa in ka ɗauki yaro namiji shekara biyu uku muryarsa ta fashe, shirin kuma zai kai shekara ashirin ana yi, ya za ka yi? Yarana da na gaya musu sai da na nuna musu bidiyonta a YouTube gaban makirfo da jan gashinta kafin suka yarda.

Abban Sultan:
Abin da ke burge ni shi ne yadda suka ɗauki aikin sana'a sosai, akwai makarantun koyon sa, akwai kamfanonin da ke riƙe da masu muryar, ita tana Aoni Production. A 2017 masu kundin bajinta na duniya na Guinness suka ba ta shaida kan daɗewa tana muryar Goku a wasannin gem, a 2023 gwamnatin Japan ta karrama ta cikin masu hidima ga al'ada, a 2024 kuma ta sake fitowa a Dragon Ball Daima. Mu nan masu fassarar fim ɗin Indiya a Kano suna ƙoƙari matuƙa, kana jin murya ka gane ta, amma mutum nawa ne suka san sunan mai ita? Jarumin Indiyan kawai ake yabo.

Ɗan Rogo:
Tabɗi. To a ina zan samu na Japan ɗin mai rubutu a ƙasa? Amma wanda ba zai cinye min data ba don Allah.