Musayar Waƙa a kan Leipo, Aikataun "Bari" a Tsohon Girkanci

Ɗan Aji Ɗaya:
Sallama malamai, ga ɗalibi da tambaya,
Leipo na Girkawan da, shin ma'anarsa tafiya?
In haka ne, don me yake jan suna a baya?

Malama Mai Nahawu:
Ɗana, tafiya aperkomai ce, riƙe wannan da kyau,
Leipo "na bari" ne, galibi sai da karɓau.
Gida ka bari, ko gona, ko jirgi a gaɓar teku,
Idonsa ba ya kan hanya, shi wannan aikatau,
Yana kan abin da ya saura bayan mai shi ya kau.

Baba Mai Alƙalami:
Malama kin gama magana, ni dai in ƙara gishiri,
Wasalin cikinsa hawainiya ne, amma da tsari:
Leipo yanzu, leipso gobe, elipon ya wuce tun fari,
Leloipa, na bari, har yau sawun na nan a sarari.

Ɗan Aji Ɗaya:
Kai Baba, fuska huɗu ga kalma guda, ai da wuya!
Ko da yake "bari" tamu kan zama "bar" in karɓau na baya.

Malama Mai Nahawu:
Ba ka ga komai ba, juya shi leipomai ka gan shi,
Wanda aka tsere wa a sukuwa, shi ke da shi.
Homa mawaƙin Girka kuwa, in jarumi ya faɗi, ya sha dutse ko mashi,
Cewa yake yi: rai ya bar ƙashi.
Rai ne aikau a nan, ba mutum ba, ka lura da shi.

Mai Duban Taurari:
Ku sa masa ɗafa-goshi ek, sai ga husufin rana,
Ekleipsis ke nan, daga nan ya samo suna.
Herodotus marubucin tarihi ya ce da Sarkin Farisa ya ɗaura ɗamara,
Zai bar birnin Sardis a 480 kafin Miladiyya da dakaru,
Rana ta bar kujerarta, dare ya rufe su da rana.

Ɗan Aji Ɗaya:
Girkawan yau "mu lipis" suke cewa in kewa ta yi yawa,
Bari in tura wa wata, ko zuciyarta ta sauko da kyautatawa.

Baba Mai Alƙalami:
Tura, amma ita ce aikau a jimlar, ɗan nan,
"Kin yi mini rashi" ke nan, kai kana gefe a nan.
Kuma baffanta ba ya jin Girkanci, sadaki yake jira tun watan nan.