Me za mu kira science fiction da Hausa?

Mai Shirin Rediyo: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe 4 na yamma zan naɗi shiri kan littattafan da Turawa ke kira science fiction, irin na tafiya wata duniyar da mutum-mutumi mai tunani. Na rubuta "ƙagaggen labarin kimiyya", da na karanta a fili sai kunnena ya ƙi karɓa. A taimaka mini.

Malamar Adabi: Kunnenka ya gaya maka gaskiya, ɗan'uwa. A aji mun san me ƙagaggen labari yake nufi, amma mai sauraro ƙage zai ji, ya ɗauka ƙarya aka shirga wa masana. Ka ce "almarar kimiyya".

Mai Fassara: Malama, almara aljanu take jawowa. A almara zobe ake murzawa mutum ya tashi sama, ba mai tambayar ta yaya. Nan kuwa dole marubuci ya nuna maka kumbon, da man da yake sha, da iskar da matafiyin zai shaƙa in ya bar duniya. Ko da abin bai faru ba, ana so hankali ya yarda zai iya faruwa. Ni "labarin hasashen kimiyya" nake rubutawa.

Malamar Adabi: Ai aikin kalmar kimiyya ke nan a jikinta, ita ke ɗaure almarar. Larabawa al-khayal al-ilmi suke cewa, Rashawa nauchnaya fantastika, mutanen Sin kehuan. Duk cikinsu ilimi aka haɗa da ƙirƙirar zuci. Hasashe kuma na masana yanayi ne.

Tsohon Edita: Duk kun cika tsawo. Kimiyalmara. Kalma ɗaya, ta shiga kanun labari ba wahala. Haka Italiyawa suka yi a 1952, suka ƙera fantascienza, har yau ita suke amfani da ita.

Mai Fassara: Baba, Hugo Gernsback, editan mujallun irin waɗannan labarai, shi ma haɗe ya fara yi, scientifiction, a mujallar Amazing Stories ta 1926 a Amurka. Zuwa 1929 shi da kansa ya koma science fiction. Hausa kuma ba ta cika son a cusa kalma cikin kalma ba.

Tsohon Edita: Shekara nawa na yi ina gyara Hausar mutane? Kimiyalmara za ta zauna in an ba ta dama.

Mai Kishin Harshe: Ni abin da ke damuna daban ne. Kimiyya Larabci ce, labari ma haka. Sai yaushe za mu tsaya da ƙafarmu? A ce "tatsuniyar gobe".

Ɗalibi: Allah gafarta Malam, ba duka ne ke magana kan gobe ba, wasu a baya ma suke faruwa. Kuma Jamusawa da Faransawa kalmar Ingilishin suke faɗa kai tsaye. Mu ma mu ce sayifai kawai.

Mai Kishin Harshe: Wato abin da Bature ya yi shi ne daidai? Umaru Dembo ya rubuta irin wannan labari da Hausa, Tauraruwa Mai Wutsiya, tun 1969, ba a haife ka ba, bai jira kalmar kowa ba.

Malamar Adabi: Malam, a bar yaro, tambaya ya yi. Kalmar da kakanninmu suka faɗa ta zama tamu, ko daga ina ta zo.

Mai Shirin Rediyo: Na gode, dare ya yi. Zan ce "almarar kimiyya", sai in bi ta da bayani sau ɗaya: labarin da aka ƙirƙira bisa abin da kimiyya za ta iya kaiwa gare shi.

Mai Fassara: Don gobe dai na yarda. A rubutuna hasashe zan ci gaba da sawa.

Tsohon Edita: To. Amma ka ambaci kimiyalmara ko sau ɗaya ne, mu ji me masu sauraro za su ce.